Kafin Ka Biya Kuɗin Sifika Da Amfilifaya, Ka Ce A Juya Maka Bayansu

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da kwamfuta, mu taɓa kayan sauti na gida, wato sifika da amfilifaya: yadda ake zaɓa, yadda ake saya, da yadda ake rabuwa da su in lokacin sayarwa ya yi. Na daɗe a wannan harka. Ba ita ce sana'ata ba, son abin ne kawai ya ja ni, har ta kai in na ji an sauke kayan kwantena a Sabon Gari sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Na saya, na sayar, na yi musaya, na raka mutane da yawa kasuwa. Abin da zan gaya maka a nan shi ne abin da nake gaya wa ƙanena a hanya kafin mu isa shago.

Mu fara da lambar nan da ke ruɗar mutane. Ka shiga shago, yaron shago ya nuna maka kwali an rubuta 5000W da manyan jajayen haruffa, ya ce, "Alhaji, wannan in ka kunna sai unguwa ta amsa." Duba da kyau, kusa da lambar za ka ga wasu ƙananan haruffa huɗu, PMPO. Wannan awo ba shi da wata ƙa'ida da kamfanoni suka amince da ita, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Kada ka tsaya musu da yaron, shi ma abin da ya gani a kwali yake faɗa. Ka ce kawai ya juya maka bayan na'urar. Kusa da inda wayar wuta ta shiga akwai ɗan rubutu da ke faɗin yawan wutar da take sha, kuma sau da yawa za ka tarar wat 60 ne ko 80. To na'urar da ke shan wat 60 daga soket, daga ina za ta samo 5000 ta ba sifika? Ko da ka yi mata uzuri cewa wasu kamfanoni matsakaicin abin da take sha suke rubutawa, ka ninka shi sau uku ma, har yanzu ba ka kai 200 ba.

Lambar da za ka nema ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a ci gaba, a kowane ɓangare, hagu da dama, ba tare da sautin ya lalace ba. Rikicin nan ba yau ya fara ba. Tun 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta kafa doka cewa duk mai tallar amfilifayar gida a ƙasar sai ya faɗi ƙarfinta na ci gaba, ɓangarorin biyu suna aiki tare. Shi ya sa tsofaffin Pioneer, Sansui, Kenwood, Technics da Yamaha na wancan zamani in sun ce wat 40, to 40 ɗin ce, kuma za ta kunyata sabon kwalin nan mai 5000 a gaban mai shi.

Sai tambayar da aka fi yi mini: wat nawa nake buƙata? Amsar ba ta kai yadda kake zato ba. A bayan sifika ko a takardarta akwai wata lamba da mutane ba sa kulawa da ita, misali 88dB. Ma'anarta, in ka ba sifikar wat ɗaya tak ka tsaya mita ɗaya a gabanta, ƙarar da za ka ji desibel 88 ce. Ƙara ce mai yawa fa, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, kuma masana lafiyar kunne suna gargaɗi a kan daɗewa cikin ƙarar da ta haura desibel 85. Ka ga ke nan yawancin sauraren da kake yi a falo bayan sallar isha'i, wat ɗaya ne ko biyu ke aiki. Sauran ajiya ne, don lokacin da ganga ta buga da ƙarfi kada amfilifaya ta shaƙe.

Ga lissafin a taƙaice. Duk lokacin da ka ninka wat, desibel 3 kacal ke ƙaruwa. Kafin kunnenka ya yarda cewa ƙara ta ninka, sai ka ninka ƙarfin kusan sau goma. Don haka bambancin mai wat 50 da mai wat 70 bai kai a ƙara masa kuɗi ba. Kuma sifika mai 91dB da aka ba wat 25 za ta yi ƙara daidai da mai 85dB da aka ba wat 100. A falo irin namu, wat 30 zuwa 50 na gaskiya a kowane ɓangare ya ishe ka har maƙwabci ya aiko yaro.

Ni a wurina sifika ake fara zaɓa, amfilifaya ta biyo baya, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin a kan sifika ya kamata ya tafi. Amfilifayoyi biyu masu lafiya, in ba a matsa musu ba, bambancin sautinsu kaɗan ne. Amma sifikoki biyu, ko yaro zai bambance su.

Kada ka yarda a gwada maka da waƙar shago. Kowane mai shago yana da waƙarsa mai dukan ƙirji, zai murɗa bes har ƙarshe, gilashin shago na rawa, kai kuma zuciyarka ta tafi. Wannan ba gwaji ba ne. Ka tafi da naka a waya, abin da kunnenka ya haddace, ka sa a mayar da bes da tirebul tsakiya, a kashe maɓallin da aka rubuta Loudness. Ni abu uku nake tafiya da su. Na farko muryar mutum, labaran rediyo ko karatun wani malami da na saba ji, domin kunne bai cika ruɗuwa a kan muryar ɗan Adam ba. In ta fito kamar ta mai mura, ko kamar daga cikin randa ake magana, akwatin ne ke amsa kuwwa, kuma bayan mako ɗaya a gida zai fara gundurarka. Sai Shata, saboda kalangu. A sifika mai kyau za ka ji kowane bugu daban, ka ji yadda makaɗi ke matse kalangun a hammata sautin ya hau ya sauka, ka ji 'yan amshi a bayan Shata ba a kansa ba. Mara kyau sai ta cakuɗa su duka su zama gunji ɗaya. Na uku kuntigin Ɗanmaraya, don jin siririn sauti. In za ka kwatanta guda biyu, ka tabbata ƙararsu ɗaya, saboda wadda ta ɗan fi ƙara ita kunne ke zaɓa ko da ba ta fi kyau ba, kuma masu shago sun san wannan sarai.

Sannan ka ƙwanƙwasa jikin akwatin da bayan yatsa. In ya yi tim a taƙaice, katakon yana da kauri. In ya yi kwararam kamar akwatin tumatir, ka wuce. Ka ɗaga ta ka ji nauyi. Nauyi ba hujja ba ne shi kaɗai, amma sifikar da ta kai tsayin ƙugunka kuma ka ɗaga ta da hannu ɗaya, ka san mayen ƙarfen da ke cikinta ɗan mitsitsi ne.

Yanzu maganar tokumbo, wanda a nan ne ribar take, kuma a nan ne ake cin mutane. Yawancin kayan daga kasuwar Alaba ta Legas suke haurowa, wasu sun shekara ashirin ko talatin a falon wani Bature kafin su iso mana. Abu na farko, ka cire ragar gaba. Mai kayan da ya hana ka cire raga ya riga ya ba ka amsa. Na taɓa tsayawa a wani shago, ga wasu sifikoki biyu masu suna, akwatin tsaf, tambarin kamfani na ƙyalli. Na ji sautin hagu da dama bai zo ɗaya ba, na ce a ba ni sukundireba. Mai shagon ya ce, "Haba yallaɓai, kaya daga kwantena suka fito yanzu, ba a taɓa su ba." Na ce to ai kwancewar ba za ta rage komai ba. Da ƙyar ya yarda. Muna ciro babbar sifikar ɗaya akwatin sai ga wata 'yar arha an dasa, har an huda sabbin ramukan sukurori don ta zauna, mayen ƙarfenta bai kai rabin na 'yar uwarta ba. Ya ce wallahi haka ya saye su. Ƙila gaskiya ya faɗa, amma kuɗin na asali ya sa musu. Don haka ka dubi kan sukurorin: in sun sha sukundireba, ko akwai ramuka babu komai a ciki, ko fuskar ta hagu ba ta yi kama da ta dama ba, an shiga.

Ka dubi zoben da ya zagaye bakin takardar babbar sifikar, wadda masu gyara ke kira wufa. In na soso ne, ka taɓa shi da yatsa a hankali. Soso yana ruɓewa da shekaru, zafinmu kuma yana ƙara masa sauri, sai ka ga ya manne a yatsa ko ya zube kamar garin kwaki. Na roba da na yadi sun fi daɗewa nesa ba kusa ba. Ruɓaɓɓen soso ba ƙarshen sifika ba ne, ana canza shi, kuma dalili ne mai kyau na neman ragi. Amma ka tabbata ba a ci gaba da kunna ta a haka ba, don in zoben ya tafi, koyil ɗin ciki yana gogar jikin mayen ƙarfe har ya lalace. Yadda za ka gane: ka buɗe yatsunka a kewayen tsakiyar takardar, ka danna a hankali, daidai wa daida. Ya kamata ta shiga ta dawo shiru. In ka ji ƙarar gogayya kamar yashi a ƙasan kwano, koyil ya taɓu.

Ina yawo da batirin rimot guda ɗaya a aljihu, mai bolt ɗaya da rabi, da guntun waya. Ka taɓa shi a ƙafafun sifikar na baya, takardar za ta motsa ta yi ɗan ƙas. Ka yi wa ɗayar haka, ja a kan ja, ka tabbata gefe ɗaya suke motsawa. In ɗaya ta fito ɗaya ta shige, an juya waya a ciki, kuma in ka haɗa su a haka bes ɗin ɗaya zai riƙa cinye na ɗaya, ka yi ta zargin amfilifaya a banza. In kana da mitar masu gyara, ka auna: sifika mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 takan nuna wajen 3. Wannan daidai ne. Sai dai batir da mita ba sa gaya maka komai a kan 'yar ƙaramar nan ta sama mai fitar da siririn sauti, tiwita, saboda akwai kondensa a gabanta da ke tare irin wannan wutar. Ita sai da kunne. A rage ƙara, ka kai kunnenka dab da ita. Tiwita ce ta fi mutuwa a kayan hannu, kuma a hayaniyar kasuwa ba ka lura, sai ka je gida ka ji kamar an rufa wa mawaƙin bargo.

Tunda na ambaci om, bari mu gama da shi. A bayan amfilifaya, kusa da inda ake ɗaura wayoyin sifika, an rubuta abin da take ɗauka, misali 8 zuwa 16, ko 4 zuwa 16. Iya ƙanƙantar om ɗin sifika, iya yawan wutar da take ja daga amfilifaya. Matsalarmu ita ce son yawa. Mutum na da sifika biyu lafiya lau, ya samo wasu biyu ya murɗa wayoyinsu wuri ɗaya. Biyu masu om 8 a haɗe haka sun koma 4. Biyu masu om 4 sun koma 2, kuma amfilifayar gida da za ta jure om 2 ba ta da yawa. Za ta yi zafi, in tana da kariya ta kashe kanta, in babu ta ƙone. A yawancin amfilifayoyi maɓallin A+B ma haka yake haɗa su, shi ya sa za ka ga an rubuta gargaɗi a wurin.

Abu mafi hatsari a amfilifayar tokumbo shi ne wuta. Tamu a Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220. Kayan Ingila da sauran Turai sun dace da mu. Amma na Amurka 120 ne, na Japan kuma 100. Masu gyara duka "wan-ten" suke ce musu. In aka soka irin wannan a soket kai tsaye, in an yi sa'a fis ne zai tafi, in ba a yi ba taransifoma ce, kuma ita ce zuciyar na'urar. Kafin kowa ya soka komai, kai da idonka ka karanta bayan. Wasu suna da ɗan maɓallin zaɓen wuta a baya, ka tabbata yana kan 220 ko 240, in ka kai gida ka liƙe shi da salatif saboda yara. Wadda ba ta da shi sai da na'urar rage wuta, kuma ka sayi wadda ƙarfinta ya ninka abin da amfilifayar ke sha. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: na'urar rage wutar raba biyu kawai take yi. In NEPA ta kawo 240, za ta ba da 120, ita kuwa 'yar Japan 100 take so. Za ta yi aiki, amma da zafi, kuma kwananta na raguwa. Ni dai in akwai zaɓi, nakan bar 'yar Japan ko da ta fi arha.

In wuta ta dace, a kunna ta ƙara na ƙasa. Yawancinsu bayan 'yan daƙiƙoƙi za ka ji ɗan ƙas daga ciki, alamar kariyarta ta duba komai ta saki sauti. In ba ta yi ba, ko tana yi tana komawa, akwai magana. Ka murɗa kowane maɓalli. Ƙarar ƙarƙar-ƙarƙar yayin murɗa boliyom yawanci ƙura ce, feshin wanke maɓalli na maganinta, kada ta tsorata ka, amma ka nemi ragi da ita. Ka mayar da sauti hagu kaɗai, sannan dama kaɗai. Ka gwada kowace kafar shigar sauti. Ka tsayar da waƙa ka saurara: gurnani mai kauri da ba ya tafiya alama ce manyan kondensoshi sun gaji. Ka sunkuya ka shinshina ramukan sama, ƙauri ba ya ɓuya. Ka haska fitilar waya ciki ka ga ko akwai kondensar da kanta ya kumbura, ko wurin da aka yi sabuwar dalma. In da mita, a cire sifika, a auna wutar da ke tsaye a ƙafafun fita: ƙasa da milibolt 50 lafiya, in ta kai ɗaruruwa kada ka haɗa mata sifikarka. Kuma ka bar ta ta yi aiki ko minti goma sha biyar ne. Mai kaya zai gaji da kai, bari ya gaji, akwai cutar da ba ta fitowa sai jiki ya yi ɗumi.

Tambaya ɗaya da nake so ka yi wa mai gyaranka kafin ka biya: da me take fitar da ƙarfi? In da taransistoci ne ɗai-ɗai, gyara na da sauƙi. In da baƙin bulon nan ne mai lamba STK na kamfanin Sanyo, to an daɗe da daina yin su, kuma yawancin waɗanda ke kasuwa yanzu jabu ne. Muddin tana aiki sautinta lafiya, amma ranar da ya ƙone sai addu'a. Irin wannan ba na biyan ta da tsada.

In a kan sola ko inbata kake, lissafin ya canza. Tsofaffin nan suna shan wuta ko ba sa waƙa, kuma kaso mai yawa na abin da suka sha zafi yake zama. Ƙaramar inbata mai arha ma takan sa taransifomarsu kuka. A nan ƙananan amfilifayoyin zamani da ake kira Class D suka yi zarra. Girmansu bai wuce tafin hannu ba, kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka sha sifika take tafiya. Da yawansu an gina su a kan wani ɗan guntu na kamfanin Texas Instruments mai lamba TPA3116, wanda ke iya ba da wajen wat 50 a kowane ɓangare a om 4, amma fa sai an ba shi wutar da ta haura bolt 20. In ka ba shi bolt 12 daga batir, bai wuce wat 15 zuwa 18 ba, kuma kamar yadda muka yi lissafi, wannan ma ya ishi ɗaki. Tsohuwar cajar laftof mai bolt 19 tana tuƙa shi da kyau. Abu ɗaya: kada ka haɗe baƙaƙen wayoyin hagu da dama wuri ɗaya, kowace sifika da wayoyinta biyu. Irin wannan 'yar ƙaramar da sifikokin tokumbo masu kyau guda biyu, shi ne haɗin da na fi ba masu ƙaramin ƙarfi shawara.

Ke kuma 'yar uwa, ko kai baba mai haɗa kayan ɗaki, na san hom tiyata mai dogayen sifikoki ita ke cika ido ranar jere, kuma ba zan ce kada a saya ba. Amma a san abin da ake saya. Yawancinsu an yi su ne su rayu tare su mutu tare. Sifikokin sau da yawa om 3 ne, bakin wayoyinsu na musamman ne, kuma duk ƙarfin yana cikin kan. Ranar da kan ya ƙone, ko rimot ya ɓace, sai a bar amarya da dogayen robobi biyar na ado. In kuɗin ɗaya ne, amfilifaya daban da sifika biyu na katako za su kai ta har yaranta su girma, kuma in ɗaya ta lalace ita kaɗai za a canza.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu, wai babbar amfilifaya ce ke ƙona sifika, ƙarama ba ta da illa. Babba tana ƙonawa in an yi ganganci, amma a abin da na gani, ƙaramar da aka murɗe har ƙarshe ta fi yin ɓarna. In ka nemi abin da ya fi ƙarfinta, sai ta fara yanke kan sautin, ya yi kaushi, kuma wannan kaushin tiwita yake tafiya ya dafa ta. Kunnenka zai gaya maka. Da zarar murya ta fara tsagewa, ka rage. Ranar suna ko biki, in yara suka karɓe rimot, a nan ake yawan yin asara.

Sai NEPA. In an ɗauke wuta ka kashe amfilifaya daga soket, don dawowar wutar ce ke kisa. Sitabilaiza mai jinkirin sakin wuta ta cancanci kuɗinta. Amfilifaya ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa. Kada a ɗora mata dikoda a ka ko a rufa mata kyalle tana aiki, ta ramukan saman take numfashi. Amma in an kashe ta, lokacin hunturu, a rufe ta saboda ƙura.

Kada tsufanta ya sa ka ji ba za ta yi da wayarka ba. Akwai 'yar na'urar karɓar Bluetooth mai arha, ka soka ta da wayar nan mai kai ja da fari a kafar AUX, CD ko TAPE. Kada dai ka soka a PHONO, wannan ta garmaho ce, tana ƙara ƙarfi sosai tana kuma canza sautin, abin da zai fito ba zai saurara ba. Talabijin na zamani da ba shi da kafar ja da fari, akwai ɗan akwatin da ke karɓar wayar haske ya mayar da ita ja da fari, sai ka shiga saitin sautin talabijin ɗin ka zaɓi PCM, in ba haka ba shiru za ka ji ko shuuu. Wannan ne ma ya sa manyan amfilifayoyin sinima na kafin zamanin HDMI, irin su Denon, Onkyo da Yamaha, suke arha: mutane na ganin sun tsufa, alhali ɓangaren ƙarfinsu garau yake.

To ranar sayarwa fa? Kayan sauti masu suna ba sa faɗuwa kamar waya. In ka sayi tokumbo a farashi mai kyau ka riƙe shi da kyau, sau da yawa kuɗinka na dawowa, ita kuwa hom tiyata tana fita daga kwali ta fara zubar da daraja. Ka goge kayan, ka wanke maɓallan, ka nemo rimot da ragar gaba, don rashinsu na rage kuɗi fiye da yadda kake tsammani. Ka ɗauki hoto da rana, gaba da baya, har da ɗan rubutun nan mai lambar samfuri, saboda mai saye da ya san kaya lambar zai fara bincika a intanet. Ka ɗauki gajeren bidiyo tana aiki, hagu da dama. Kada ka raba sifika da 'yar uwarta, guda ɗaya ba ta da kasuwa. Amma amfilifaya da sifika in ka sayar daban-daban yawanci sun fi kawo kuɗi a kan ka haɗa su a dunƙule.

In an taɓa gyara ta, ka faɗa tun a rubutun talla. Wanda ya san kaya zai gani ko ba ka faɗa ba, kuma daga nan ko gaskiya ka faɗa a kan sauran ba zai yarda ba, sai ya taya da rabin kuɗi. Wanda bai sani ba kuma zai dawo maka da ita bayan kwana uku da ɗan uwansa mai baki. Dillali zai kawo maka mai saye da wuri, amma ku yanke la'ada tun kafin ya ɗauki hoto. Mai shago zai biya nan take, sai dai farashin sari zai ba ka, don shi ma sai ya ci. Jiji, Facebook da sitatus ɗin WhatsApp sun fi kawo farashi in kana da haƙuri. Wadda ta mutu ma kada ka miƙa wa 'yan bola jari a kan nauyin ƙarfe, kai ta layin masu gyara, akwai mai neman taransifomarta ko maɓallanta.

Baƙon da ka haɗu da shi a intanet, kada ka shigar da shi falonka ya ƙare wa gidan kallo. Ku haɗu a shagon mai gyaranka, akwai wuta, akwai mita, akwai shaida. A gwada a gabansa, ku yi magana a fili cewa in ta bar wurin an gama. In taransifa zai yi, saƙon da ya shigo wayarka da hoton rasit ɗin da ya nuna maka duk ana ƙirƙirarsu. Ka buɗe manhajar bankinka da kanka, ka ga kuɗin sun zauna, sannan a ɗora kaya a Adaidaita.